Yadda Za Ka Tsara Yininka Idan Ka Yi Ritaya da Wuri

Wanda ya ajiye aiki yana ɗan shekara 50 ko 55 yakan yi lissafin kuɗinsa tsaf, amma ya manta da lissafin lokaci. Aikin awa 40 a mako ya kai kusan awa 2,000 a shekara, ban da zuwa da dawowa. Rana ɗaya duk awoyin nan za su dawo hannunka, kuma babu mai ce maka ga abin da za ka yi da su.

Ba albashi kaɗai aiki yake bayarwa ba. Masaniyar halayyar ɗan Adam Marie Jahoda ta lissafa wasu abubuwa biyar: tsarin lokaci, cuɗanya da mutanen da ba na gida ba, manufar da ake tarayya a kanta, matsayi a idon jama'a, da abin yi kullum. Ta fara ganin haka a Marienthal, wani ƙauye a Austiriya da masaƙarsa ta rufe. Binciken da ita da abokan aikinta suka wallafa a 1933 ya nuna mazan da suka rasa aiki har saurin tafiyarsu a titi ya ragu, aron littattafai ma ya ja baya, alhali lokaci ya yi musu yawa. Su dole ce ta zaunar da su, kai kuwa zaɓi ka yi, amma fansho ba ya maye ko ɗaya daga cikin biyar ɗin.

Ka fara da hutu, amma mai wa'adi, mako huɗu zuwa shida, ka rubuta ranar ƙarewarsa. A makon ƙarshe ka ɗauki ɗan littafi ka riƙa rubuta abin da ka yi awa-awa har kwana bakwai. Ka sa alama a kan abin da ya bar ka da kuzari da wanda ya kashe maka jiki. Za ka ga inda waya da talabijin suke cinye yinin ba ka sani ba.

Daga nan sai ka kafa turaku uku kawai. Jadawalin da ya cika kowace awa ba ya kai mako biyu.

Turke na farko shi ne lokacin tashi, kuma shi ya fi sauƙin tsigewa. Tunda gobe babu inda za ka, sai ka kai ƙarfe ɗaya na dare, ka tashi tara, ka yi barcin rana na awa biyu, dare ya yi barci ya ƙi zuwa. Maganinsa ka tsayar da lokacin tashi guda, kwana bakwai a mako, kada bambancin ya wuce rabin awa. Barcin rana kada ya wuce minti 30, kuma a yi shi kafin ƙarfe uku.

Na biyu, fita waje da safe. Hasken safiya ne yake saita agogon jiki, tafiyar kuma tana biyan bashin motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsa jiki, da kwana biyu na atisayen ƙarfafa tsoka. Minti 30 sau biyar ya cika mafi ƙarancin. Saurin da ake so shi ne wanda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Ka sa kayan fita kamar mai zuwa aiki. Wanda ya wuni da kayan barci ya riga ya sallama yinin.

Na uku, awa ɗaya da rabi zuwa biyu na aiki guda mai buƙatar natsuwa, a lokaci ɗaya da wuri ɗaya kullum, waya a wani ɗaki.

To wane aiki? A nan mutane suke maƙalewa, su zauna jiran wata babbar manufa ta faɗo musu. Ba a zaune ake samunta ba. Rubuta abubuwa biyar da abokan aiki suke zuwa wurinka dominsu, ba sunan muƙaminka ba: gyara rubutu, daidaita lissafi, sasanta rigima, koyar da sabon shiga. Zaɓi ɗaya ka gwada shi wata uku, ka yi awa huɗu zuwa shida a mako daga cikin lokacin nan a wurin da wani zai lura idan ba ka zo ba. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ne ƙashin bayan abin, domin alƙawarin da ka yi wa kanka kaɗai ya fi kowane saurin karyewa. Tun farko ka faɗa wa mutanen wurin wata uku ne, don fita ta yi sauƙi idan bai karɓe ka ba. Irin wannan alƙawari biyu ko uku a mako ya isa ya raba Talata da Asabar, kuma ya sama maka abokan hira, tunda tsaranka duk suna wurin aiki da rana.

Ka yi hattara da zama ɗan aiken kowa. Da an ji ka yi ritaya za a fara cewa, "Ai kai ba ka da abin yi, ɗan je ka karɓo mini kaza." Amsa ɗaya ta wadatar: "Da safe ina da aiki, bayan ƙarfe biyu ina nan." A gida ma akwai tsarin da ka tarar. Ku zauna da abokin zamanka ku yanke ayyukan da za ka ɗauka gaba ɗaya da awoyin da kowa zai yi shi kaɗai, kada ka koma mai duba aikin wasu.

Tsarin ba zai zauna a mako guda ba. Wani bincike da Phillippa Lally ta jagoranta a Landan ya gano sabuwar ɗabi'a takan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zama jiki, wasu ƙasa da haka, wasu fiye sosai, kuma tsallake rana ɗaya bai rusa ta ba. Amma idan ka yi mako biyu ko fiye kana cikin ƙunci, abin da kake so a da ya daina burge ka, barci ko cin abinci ya rikice, wannan ya wuce matsalar jadawali. Ka je ka ga likita.