Shawara ga masu neman kalangu ko ganga

Jama'a, kafin ku biya kuɗin kalangu, ku fara duba kangon, wato icen da ake ɗora wa fata. Ku ƙwanƙwasa icen da bayan yatsa. In ya amsa ƙwal, to lafiyayye ne. In ya yi dum kamar tulun da ya tsage, akwai ɓaraka a ɓoye ko gara ta ci shi, kuma ba fatar da za ta gyara shi. Masassaƙa na son alilliba saboda ba ta da nauyi kuma tana ɗaukar amo. Ku zura hannu ciki in da hali, sassaƙar ta zama sumul, kauri ɗaya ko'ina. Kango mai faɗi da zurfi shi ke ba da murya mai kauri, siriri kuwa murya mai tsini.

Sai fata. Kalangu yana son fatar ɗan akuya mai laushi, don ita ce ke bin tsarkiya, wato igiyoyin da ke ɗaure fatar, idan an matse hammata har kalangun ya yi magana. Fata mai kauri ta saniya, wannan ta tambari ce, kar a ɗora wa kalangu ita.

Da damina fata kan saki, a shanya a rana kaɗan. Da hunturu kuma a sassauta tsarkiya, kar fatar ta fashe.