Kurakuran da masu ƙirƙira suka fi yi kafin su ci gajiyar abin da suka ƙera

Mai walda ya kwana uku yana fama da baro, har ya haɗa masa birkin da ke kamawa da kansa da zarar an saki hannu. Ya loda bulo, ya gwada a gangare, baron ya tsaya cak. Murna ta kwashe shi, ya ɗauki waya ya yi bidiyo, ya nuna sifirin da ƙugiyar da yadda suke cizon taya, ya ɗora a Facebook. Kafin gari ya waye yabo ya cika shafi. Abin da bai sani ba shi ne, a daren nan ya ɓarar da damarsa ta samun takardar mallakar ƙirƙira a ƙasashe da dama.

Wannan kuskuren ya fi kowanne ciwo, don ba ya gyaruwa. Sharaɗin farko shi ne abin ya kasance sabo ranar da ka shigar da takarda, kuma doka ba ruwanta da wanda ya fasa ƙwan, ko da kai ne da bakinka. Bidiyo, baje koli, sayar wa maƙwabci guda ɗaya, duk bayyanawa ce. Ofishin rajistar ƙirƙira na Turai da wuya ya ɗaga maka ƙafa. Amurka da Japan suna ba ka wata 12 bayan ka bayyana, amma sassaucin a iyakarsu ya tsaya. Ka kame bakinka har ka shigar. In dole sai wani ya gani, kamar mai yanka maka ƙarfe a inji, ya sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri tukuna.

Sai masu cewa "ai ban taɓa ganin irinsa a kasuwa ba". Kasuwa ba ita ce ma'auni ba. Akwai tulin abubuwan da aka yi wa rajista ba a taɓa ƙera su ba, kuma zane ɗaya na shekara tamanin da ta wuce ya isa ya kashe maka magana. Shafukan intanet na binciken waɗannan takardu, irin su Espacenet, Patentscope da Google Patents, duk kyauta ne. Ka bincika da kalmomi iri-iri, ka fi mai da hankali ga zane, don lauyoyi sukan kira ƙugiya da sunan da maƙeri bai taɓa ji ba. In ka tarar an riga ka, kada ka karaya: tsohuwar takardar da wa'adinta ya ƙare ta zama ta kowa, kana iya ƙerawa ka sayar.

Har yau ana jin masu ba da shawarar ka sa zanenka a ambulan, ka aika wa kanka ta gidan waya, wai hatimin ranar zai zama shaida. Ɓata tawada ne. Wanda ya riga shigarwa shi ke da gaba, kuma Amurka, da ta daɗe tana duba wanda ya fara ƙirƙira, ta bi sahu ranar 16 ga Maris, 2013.

Babu kuma wata takarda ta duniya baki ɗaya. Kowace ƙasa ko yanki da tata. Yarjejeniyar Paris ta 1883 ta ba ka wata 12 daga shigarwar farko ka kai buƙatarka wasu ƙasashe ba tare da ka rasa ranarka ba. Tsarin PCT na 1970, wato shigar da buƙata guda ɗaya da za ta riƙe maka wuri a ƙasashe da yawa, wanda hukumar kare mallakar fasaha ta duniya, WIPO, ke kula da shi daga Geneva, yana ja maka lokacin zuwa wata 30 a yawancin ƙasashe, amma lokaci kawai yake saya maka. Ka zaɓi inda za a ƙera abin da inda za a saye shi, sauran ka bar su.

Inda na fi ganin ana tuntuɓe shi ne sashen da'awa, wato jerin jimlolin da ke shata abin da kake cewa naka ne. Kamar turakun iyakar fili suke. Mai baron nan, in ya rubuta "birki mai sifirin ƙarfe", wani zai sa roba a madadin sifirin ya wuce abinsa, doka ba ta taɓa shi ba. In kuma ya faɗaɗa ya ce duk wani birkin baro nasa ne, mai tantancewa zai jawo tsofaffin takardu ya rusa shi. A nan kuɗin ƙwararren lauya ke halatta. Ka tuna kuma ciniki ne: kana bayyana yadda abin ke aiki dalla-dalla, a wallafa bayan wata 18, a ba ka shekara 20 daga ranar shigarwa, muddin kana biyan kuɗin sabuntawa. Shi ya sa masu WD-40, man feshin nan na hana tsatsa, ba su yi wa haɗinsu rajista ba, suka bar shi sirri. Birkin baro kuwa, duk mai sifana zai kwance ya gane.

Takardar ma ba ta sayar da komai. Izini ne na hana wani, kuma kai za ka kai ƙara da aljihunka. Robert Kearns, wanda ya ƙirƙiro waifar mota mai shara tana hutawa, ya maka Ford a kotu a 1978, sai 1990 aka sasanta kan dala miliyan 10.2. Shekara goma sha biyu ke nan. Saboda haka tun kafin rajista ka lissafa nawa guda ɗaya zai ci, nawa mai saye zai iya biya.

In kamfani ya nuna sha'awa, ka bambance sayar da mallaka kacokan da ba da lasisi, inda kake karɓar kaso a kan kowane guda. Ka sa mafi ƙarancin abin da za a biya ka a shekara, da sharaɗin haƙƙinka ya dawo hannunka in sun jefa abin a durowa.

Ka yi hattara da kamfanonin da ke zuga ka cewa abinka zai girgiza duniya, sannan su nemi kuɗi kafin aiki. Dokar Amurka ta 1999 ta tilasta wa irinsu su faɗi adadin abokan cinikinsu da suka samu fiye da abin da suka biya. Ko a ina kake, ka yi musu wannan tambayar, ka ce su amsa a rubuce.