Darasi na Tara: Yadda Kwamfuta Take Samun Sunanta a Hanyar Sadarwa

Duk kwamfutar da aka haɗa da wasu tana da lamba, wadda ake kira adireshin IP, kuma da wannan lambar ce na'urori suke gane juna. Da yake lamba tana da wuyar riƙewa, kuma takan canza daga yau zuwa gobe, sai aka tsara kowace kwamfuta ta kasance da suna. Ba a jikin ƙarfen aka buga sunan ba. Babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, wato Windows ko Linux ko macOS, ita ce take tsayar da shi duk lokacin da aka kunna kwamfutar.

Da farko manhajar tana duba abin da aka rubuta mata ta adana. A yawancin nau'o'in Linux akwai wani ɗan fayil mai suna /etc/hostname, wanda layi ɗaya ne kawai a cikinsa, kuma abin da ke layin shi ne sunan. Windows kuwa tana ajiye nata a cikin rajistarta, wato ma'ajiyar da take adana bayanan saitinta, idan kuma mai kwamfutar bai zaɓi komai ba ranar da aka ɗora manhajar, takan ƙirƙiro suna da kanta. Wannan ne ya sa za ku ga kwamfutoci da yawa sunansu ya fara da DESKTOP, sannan haruffa da lambobi marasa ma'ana su biyo baya.

Idan ba a rubuta komai ba, kwamfutar takan karɓi suna daga waje. Lokacin da ta shiga hanyar sadarwa tana roƙon adireshi daga na'urar da ke raba intanet, ta tsarin da ake kira DHCP, kuma amsar da za ta dawo tana iya zuwa da suna. Irin wannan suna na aro ne, domin yana iya sauyawa idan aka koma wata hanyar sadarwar. Idan nan ma ba a samu ba, Linux takan kira kanta localhost, sunan da kowace kwamfuta take nufin kanta da shi, mai lamba 127.0.0.1.

A nan ne masu koyo suka fi ruɗewa. Kwamfuta ta san sunanta ba ya nufin sauran sun sani, kamar yadda raɗa wa jariri suna a ɗaki ba ya isar da shi kunnen jama'a sai an sanar. A zamanin ARPANET, wadda intanet ta samo asali daga gare ta, fayil guda ne mai suna HOSTS.TXT yake ɗauke da sunayen dukan kwamfutoci da lambobinsu, ana kula da shi a cibiyar bincike ta Stanford da ke Amurka, kowa yana kwafa. Da kwamfutoci suka yi yawa abin ya gagara, sai wani masanin kwamfuta mai suna Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983, tsarin da har yau yake haɗa suna da lamba. Saboda haka wanda ya canza suna a kwamfutarsa, amma ba a gyara bayanin da ke DNS ba, da tsohon sunan za a ci gaba da nemansa.

Wajen zaɓar suna, ku tsaya ga haruffa a zuwa z, da lambobi 0 zuwa 9, da karan ɗori a tsakiya. Ba a barin fili, kuma ɓ da ɗ da ƙ ba sa shiga. Ƙa'idar ta yarda suna ya kai haruffa 63, amma ya fi kyau kada ya wuce 15, saboda NetBIOS, wani tsohon tsari da Windows take gane sunayen kwamfutoci da shi, a nan yake yanke suna. Kada kuma kwamfutoci biyu a wuri ɗaya su ɗauki suna iri ɗaya.

Aikin yau: ku buɗe wurin rubuta umarni (Command Prompt a Windows, Terminal a Linux ko macOS) a kwamfutar da ke gabanku, ku rubuta kalmar hostname, ku danna Enter, ku kwafe abin da ya fito a littafinku, sannan ku faɗa wa malami ko mutum ne ya zaɓi sunan ko manhajar ce ta ƙirƙiro shi.