Masu cin tuwon waje a Tawa, ku tahi da kwanonku

'Yan uwa, in za ku gidan tuwo ku riƙa tahiya da kwanonku mai murhi, kuma ku isa kahin azahar.

Ni da leda nake karɓa, miyar kuka ta jiƙe tuwon masara tun kan moto, in na iso gida ya zama kamar kunu. Ranar da na kai kwano, Inna mai tuwo ta dube shi ta ce ɗana wannan ai sai an cika shi, malmala ukku ta sa ta ƙara ludayin miya, kuma dala ɗari ɗin nan dai da na saba biya.

Leda tana ɓoye ƙaranci, kwano ko in bai cika ba ita kanta kunya take ji. Kuma da wuri man miya na sama, nama bai ƙare ba, ba a kai ga ƙara ruwa a tukunya ba.

Amma ran Lahadi, ranar kasuwa, kar ku wahal da kanku. Mutanen ƙauye sun cika benci, yaranta ke zubawa, su ko ba su san huskar kowa ba.