Kurakuran da muke yi idan muna karanta wa yara labari

Yawancinmu muna karanta wa yaro labari da kyakkyawar niyya, amma sai mu ɗauke masa aikin tunanin gaba ɗaya. Mu ne masu karantawa, mu ne masu fassarawa, mu ne masu yanke hukunci. Shi nasa sauraro kawai.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mayar da labari jarrabawar hadda. "Yaya sunan yarinyar? Kaji nawa ta gani?" Amsar waɗannan tana kwance a shafi, yaro ɗauko ta kawai zai yi. Tambayar da ke sa ƙwaƙwalwa aiki ita ce wadda marubuci bai rubuta amsarta ba. A ce labari ya nuna yarinya ta shigo ɗaki kayanta sharkaf, tana riƙe da karyayyiyar laima. Tambaye shi me ya faru a waje. In ya ce ruwa ake yi da iska, sai ka biyo da "Yaya aka yi ka sani?" Wannan tambaya ta biyu ita ce ke koya masa jingina magana da hujja. Wani mai bincike, Grover Whitehurst, da abokan aikinsa sun nuna a 1988 cewa idan iyaye suka riƙa yin buɗaɗɗun tambayoyi lokacin karatu suna ɗorawa a kan amsar yaro, bakinsa yakan fi buɗewa.

Sai gaggawa. Mary Budd Rowe, wata mai bincike a Amurka, ta gano cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya ne bayan sun yi tambaya, kuma da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshin ɗalibai suka ƙara tsawo da ma'ana. A gida ma haka muke. Yi tambayar, ka ƙirga biyar a zuci.

Wanda ya fi damuna shi ne raina ƙagaggen labari. Za ka ji uba ya tsaya tsakiyar karatu yana cewa ai zomo ba ya magana, ko kuma ya ce a bar waɗannan ƙaryace-ƙaryacen a kawo littafin lissafi. Alhali a nan ne yaro ke fara koyon abin da ke zuciyar ilimin mantiƙi: ka karɓi wata ƙa'ida na ɗan lokaci, ka bi ta ka ga inda za ta kai ka. Jean Piaget, masanin yadda tunanin yara ke bunƙasa, ya ɗauka cewa tsararren tunani yana kankama ne wajen shekara 7. Amma a 1988 Maria Dias da Paul Harris sun gwada ƙananan yara da tambaya irin wannan: duk kyanwowi suna haushi irin na kare, wannan kyanwa ce, shin tana haushi? Da aka faɗa musu kai tsaye, da yawa sun ce a'a, domin sun san kyanwa. Da aka sa maganar cikin wasa ko labari, sai suka fi bin ƙa'idar suka amsa daidai. Gyaran yana da sauƙi. In labari ya ce dodon nan ba ya iya tsallake ruwa, kada ka soke dodon, ka riƙe dokar. "Ga yaran sun haye kogi, zai kama su?" In daga baya marubuci ya manta ya tsallakar da shi, yaron kuma ya ɗago wannan, ka yabe shi sosai, ya kama magana tana karo da kanta.

Akwai kuma mantawa da abin da mutanen cikin labarin suka sani. Heinz Wimmer da Josef Perner sun nuna a 1983 cewa sai wajen shekara 4 zuwa 5 yara ke fara gane cewa wani na iya yarda da abin da ba haka yake ba. Labari cike yake da irin wannan. An ɓoye makulli mai gida ba ya nan. "Mu mun gani. Shi fa, ina zai fara dubawa?" Ɗan shekara 3 zai iya nuna sabon wurin, kuma ba laifi ba ne. Koma shafin baya ku duba tare ko mai gidan yana wurin lokacin.

Idan hasashen yaro bai zo daidai da labarin ba, kada ka ce bai iya ba. Hasashe mai dalili ya fi canki-canka da ya dace. Ka ce ku buɗe gaba ku gani, sannan ku nemo abin da ya kauce muku.

Kada kuma a wuce gona da iri. Tambaya a kowane layi tana kashe daɗin labari, yaron da ya gaji kuwa ba ya tunani. Karon farko ka karanta a miƙe, ka tsaya sau biyu ko uku kawai. In ya ce a maimaita, kuma zai ce, a karo na biyu da na uku ne ya san ƙarshen labarin, don haka zai iya gano alamun da aka ajiye tun daga shafin farko.