Yadda ake shimfiɗa bututan baƙin mai a tsohuwar Porsche 911

Porsche 911 ba motar da ake gani kullum a titunan Yamai ba ce, ko da yake 'yar gidansu ce ta ratsa Nijar ta ci tseren Paris-Dakar na 1984 a hannun René Metge. Shi ya sa in tsohuwa ɗaya ta faɗo gareji, yara ke taɓa ta da hannun Peugeot 504, su yi ɓarna. Injinta a baya yake, ba ruwa a cikinsa, iska da baƙin mai ne ke sanyaya shi. Man ma ba a ƙasan inji yake kwana ba, tankinsa daban ne, a ramin tayar baya ta dama. A samfurin SC na 1978 zuwa 1983 man ya kai lita 13.

Kafin ka ɗauki sifana, san hanyar da man ke bi. Daga tanki yana gangarawa inji ta wani tiyo mai kauri. Famfo ya kwaso shi ya tura wa termosta, wato bawul ɗin da zafin mai ke buɗewa, wadda ita ma ke ramin tayar nan. In man bai yi zafi ba, sai ya wuce filta ya koma tanki. In ya kai wajen digiri 83, termosta ta buɗe, ya bi bututan tagulla biyu da ke kwance ƙarƙashin ƙofar dama, ɗaya na kai shi ramin tayar gaba ya huce, ɗaya na maido shi. A watan Afrilu da Mayu, da zafin Yamai ke haura digiri 40, waɗannan bututan su ne ran injin.

Tsiyaye mai daga wuri biyu, tanki da ƙasan inji. Ɗauki hoton kowane mahaɗi da wayarka, ka ɗaura wa kowane baki tsumma mai launi daban.

Yanzu notocin termosta, inda mafi yawa ke faɗuwa. Notocin ƙarfe ne, jikin termosta kuwa alminiyam, kuma shekara arba'in suna manne. Yaro zai zura sifana 36, ya ƙara mata dogon bututu, ya hau da dukan ƙarfinsa. Notin zai juya, sai ka leƙa cikinsa ka ga haƙoran termosta, waɗanda notin ke hawa kansu, sun biyo shi kamar garin azurfa. Shi ke nan, sai a jira wata daga Turai, da kuɗin jirgi da na kwastan. Ni ba na yarda a kwance su a jikin mota. Saki bututan daga gaba, cire maɗauransu, ka sauko da termosta da su gaba ɗaya, mutum biyu, ɗaya na riƙe da gaba. A kan tebur ka jiƙa notocin da man cin tsatsa, ka bar su su kwana, ka sake jiƙawa. Gasa notin kaɗan, kada wutar ta zauna kan termosta. Sifana biyu kullum, ɗaya na tokare ɗaya na juyawa. In ya ƙi, kada ka yi gardama da shi: tsaga notin a tsaye da ƙaramin injin yanka, a hankali, ka tsaya kafin ka iso haƙora, ka buɗa tsagar da kurfi. Asarar noti ko tiyo ta fi asarar termosta sauƙi nesa ba kusa ba.

Duba tagullar daga farko har ƙarshe, da yatsa. Kusan duk wadda ta zo hannuna akwai inda jak ya matse ta, don mai faci bai san akwai bututu a wurin ba. In matsewar ta cinye rabin hanya, canza. Wanke cikinsu da kananzir, ka busa da iska har ya fito fes, ka toshe bakunan da leda nan take. Ƙurar hunturu ba ta jiran ka dawo daga salla. In kuwa injin ya taɓa bugawa, tanki da radiyatar mai ma sai an wanke, don ɓarɓashin ƙarfe na ɓoye a ciki.

Tiyon roba duka sabo. Masu matse tiyon katafila za su iya yi maka da sauƙin kuɗi, amma kai musu tsohon bakin, ka tabbata faɗin ramin bai ragu ba. Wanda ke kai mai daga tanki zuwa inji ban yarda da kwaikwayonsa ba. Zuƙo ake yi ta cikinsa, in ya yi laushi ya lotse da zafi, inji ya sha iska.

Wajen mayarwa, rataya komai sako-sako tukuna. Shafa wa haƙora man hana kamewa, ka kama kowane noti da hannu zalla har ya yi zagaye uku ko huɗu. Wanda ya cije tun farko a karkace yake, koma baya. Sai duka sun zauna sannan ka ɗaure, daga termosta zuwa gaba. Kowane maɗauri da robarsa, kada tagulla ta goga ƙarfe, kada tiyo ya kusanci salansa ko ya lanƙwashe. Juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama ka ga tayar gaba ba ta taɓa komai.

Zuba lita tara zuwa goma, ta da inji, leƙa ƙasa ka nemi ɗigo. Bar shi ya yi zafi, ka taɓa bututun gaba. In ya ɗau ɗumi, termosta ta buɗe. Sannan ne za ka auna mai, inji na aiki, mota a fili madaidaici, ka cika zuwa tsakiyar alamomi biyu na sandar awon mai.