Yadda Ake Auna Inganci da Darajar Ƙaramar Bindigar .22 Mai Ɗura Kanta

Manomin da yake da gona a Shika ko ta wajen Giwa, wanda kurege da gafiya suke yi wa ɓarna a gyaɗa da masara, yakan ji ana maganar ƙaramar bindigar nan mai cin ɗan ƙaramin harsashin da ake kira .22 LR (wato Long Rifle), wadda take ɗura kanta bayan kowane harbi, kuma ake cewa ba ta da tsada. Haka ma mai sha'awar koyon saiti. Tambayar da duka biyun suke yi ita ce ko bindiga mai araha irin wannan abin dogaro ce, kuma ko ta cancanci kuɗinta. Ba a samun amsar daga sunan kamfani kaɗai, domin aikinta ya rataya ne a kan harsashin da aka ba ta, da gidan harsashinta, da tsaftarta, kuma sai an auna su tare kafin a yanke mata hukunci.

Amma kafin a kai ga ƙarfe, akwai takarda. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita a Najeriya, ta raba bindigogi gida uku: waɗanda aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa, da na amfanin mutum shi kaɗai kamar na farauta da wasanni waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, sai kuma bindigogin gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha yake kula da su. Dokar ta cire bindigar tsuntsaye mai ɗura kanta daga rukunin na amfanin mutum, don haka duk wata bindiga mai ɗura kanta tana bukatar a yi tambaya a kanta da kyau, a ambaci sunanta da samfurinta a hedikwatar 'yan sanda ta jiha da ke Kaduna, a kuma karɓi amsa a rubuce. A shekarar 2023 rundunar ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisin ƙananan makamai, saboda haka mutum ya fara sanin halin da ake ciki kafin ya taya komai. Bindigar da aka saya a ɓoye, komai kyanta, ba ta da wata daraja da za a auna, domin abin da take jawo wa mai ita shi ne ɗaurin shekaru, a yankin da rashin tsaro ya riga ya sa ake kallon kowane mai makami da idon zargi. Duk abin da zai biyo baya na mai lasisi ne, wanda yake hulɗa da dillali mai rajista.

Sanin yadda harsashin yake shi ne rabin aikin. Kamfanin Stevens na Amurka ne ya fito da .22 LR a shekarar 1887, kuma tsarinsa bai canza sosai ba. Sinadarin da yake kunna albarushin ba a tsakiyar gindin kwanso yake ba kamar na manyan harsasai, a cikin leɓen gindin yake a zagaye, kuma ƙusar bugu leɓen take daka har wuta ta tashi. Idan a masana'anta sinadarin bai zagaye leɓen daidai ba, wanda yakan faru a harsashi mai araha da ake sayarwa da yawa a kwali ɗaya, sai ƙusa ta daki wurin da babu komai, harsashi ya ƙi tashi. Kan harsashin dalma ce mai nauyin kusan giram 2.6, an kuma shafa mata wani maiƙo mai kama da kakin zuma daga waje. Ita kuwa bindigar, ƙarfin fashewar da yake tura kwanso baya shi ne yake tura sakatarta, sakatar ta fitar da kwanson da aka harba, sannan sifirin ya maido ta gaba ta ɗauki sabon harsashi. Ƙarfin nan ɗan kaɗan ne, kuma duk lokacin da sakatar ta buɗe, toka da maiƙo suna shiga cikin injin. Shi ya sa ɗan datti ko harsashi mai rauni yake iya tsayar da ita, ko da kuwa ƙirarta ba ta da aibi.

Idan bindigar ta zo hannunka, fara cire gidan harsashi, ka ja sakata baya, ka duba da idonka cewa babu komai a ciki, bakinta kuma yana kallon inda babu kowa. Daga nan ka haska bututun ka ga ko layukan cikinsa suna nan da kaifinsu, ko tsatsa ta ci su, ko akwai wani zobe mai duhu da yake nuna wurin ya taɓa kumbura. Ka duba gefen mazaunin harsashi, wato ramin da harsashi yake shiga a gindin bututu, daidai inda ƙusar bugu take sauka. A bindigogi da yawa na wannan aji, idan an riƙa jan kunama babu harsashi a ciki, ƙusar takan daki ƙarfen ta bar ɗan lotsawa, wannan lotsawar kuma ita ce take riƙe kwanso ya ƙi fita. Sai ƙugiyar da take janyo kwanso: ka taɓa ta da farce, ya kamata ta motsa ta koma da ƙarfi, bakinta kuma kada ya zama ya goge. Ka gwada makullin kariya ka tabbata yana hana kunama aiki. Lambar da ke jikin bindigar ta dace da ta takarda harafi da harafi, idan kuma an goge ta ko an kankare, ka ajiye ka tafi. Ƙota ta roba ko gangar jiki ta alminiyam ba aibi ba ne, ta nan ne kamfanoni suke rage farashi, kuma ba su ne suke hana bindiga aiki ba.

Gidan harsashi ya fi komai jawo matsala bayan harsashin kansa, kuma a nan ne samfura suka bambanta. Ruger 10/22, wadda ta fito a 1964, tana da gida mai juyawa da yake cin harsashi goma, kuma an san shi da miƙa harsashi daidai. Marlin Model 60, wadda ta fito a 1960, wani bututu ne na biyu a ƙarƙashin bututun harbinta ake jera harsasai a ciki, ba ya ɓata kuma ba a mantawa da shi a gida, sai dai idan ya lotsa aiki ya tsaya, kuma wajen ɗura shi hannu yana kusantar bakin bindiga. Mossberg 702 Plinkster da ake ƙerawa a Burazil, da Savage 64 da ake ƙerawa a Kanada, suna cikin mafi araha, kuma gidajensu na cirewa ne masu cin goma. A irin waɗannan ka duba leɓunan sama guda biyu da suke riƙe harsashi, domin in ɗaya ya ɗan lanƙwashe, harsashi zai riƙa shiga a karkace. Idan kana da gida biyu, ka rubuta wa kowanne lamba, za ka ga amfanin haka wajen gwaji.

Gwajin shi ne zuciyar al'amarin, kuma yana son haƙuri da littafi da biro. A yi shi a wurin da hukuma ta amince, mai tudun ƙasa a baya da zai tare harsashi, bayan an wanke bindigar an sa mata mai ɗan kaɗan. A samu harsashi iri biyu ko uku, daga cikinsu a sa mai saurin gudu wanda yake fita a wajen mita 370 cikin daƙiƙa, domin mai gudun mita 330 ko ƙasa da haka wani lokaci ba ya iya tura sakata har ƙarshe. A harba kamar ɗari na kowane iri, kuma duk lokacin da ta tsaya a rubuta lambar harbin, da irin harsashin, da lambar gidan, da yadda tsayawar ta kasance: ko harsashi ya ƙi shiga, ko ya shiga ya ƙi tashi, ko kwanso ya maƙale a ciki, ko ya fito sakata ta datse shi a ƙofa yana tsaye. Idan aka ja kunama ba a ji komai ba, kada a buɗe nan take, a bar bakinta yana kallon tudun a ƙirga daƙiƙa talatin, saboda akwai harsashin da yakan yi jinkiri kafin ya tashi. Bayan haka a fitar da shi a duba leɓensa. Idan tabon ƙusa ya shiga da zurfi, mai kaifi kamar an dasa haƙori, laifin harsashi ne. Idan kuwa tabon ɗan shafa ne kawai, to bindigar ce, ko datti ya hana sakata rufewa sosai, ko sifirin ya yi sanyi. Idan kuma ƙarar harbi ta fito da rauni fiye da yadda aka saba, a tsaya a duba bututun, domin mai yiwuwa dalmar ta tsaya a ciki, kuma harbi na biyu a kanta yana lalata bututu, yana iya raunata mai harbin.

Littafin nan ne zai faɗi gaskiya. Tsayawar da take bin irin harsashi ɗaya, a canza harsashi. Wadda take bin gida ɗaya, a canza gida. Wadda ba ta farawa sai bayan harbi ɗari biyu, wanki take so. Amma bindigar da take tsayawa da kowane harsashi da kowane gida alhali tana da tsafta, wannan ita ce mai aibi, kuma a ganina ba ta cancanci a ƙara mata ko kwabo ba. Tsayawa ɗaya ko biyu cikin ɗari da harsashi mai araha abu ne da aka saba gani a wannan aji, kuma bai isa a kushe bindiga ba.

Saiti ana gwada shi ne da ɗora bindiga a kan buhun yashi, a harba biyar-biyar a takarda a nisan mita 25, sannan mita 50, a auna tazarar ramuka biyun da suka fi nisa da juna. Idan a mita 50 suka taru cikin santimita huɗu ko biyar, ta wadatar ga aikin gona.

Yanayin Zariya ma yana da hannu a ciki. Ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu tana haɗuwa da mai ta zama laka a cikin injin, don haka mai da yawa cutarwa yake yi. Zafin Maris da Afrilu yana narkar da maiƙon jikin harsashin da aka bari a mota ko a aljihu, sai ya riƙa ɗaukar yashi. Da damina kuma tsatsa ce, kuma gumin hannu kaɗai ya isa ya bar shaida a jikin bututu cikin 'yan kwanaki in ba a goge ba.

Wajen lissafin daraja, kuɗin saye shi ne ƙaramin kaso. A haɗa da kuɗin lasisi da sabunta shi, da akwatin ƙarfe mai makulli da za a ajiye ta inda yara ba sa kaiwa, harsashi kuma a wani wurin daban. A tambayi dillali ko yana da irin harsashin da bindigar ta karɓa a gwaji, da ƙugiya da sifirin da gidan harsashi idan sun lalace, domin shigo da su ma sai da izini. Wannan batu yana da nauyi, saboda samfurin da aka daina ƙerawa kayansa sukan yi wuya: an daina ƙera Model 60 lokacin da kamfanin Marlin ya koma hannun Ruger a 2020, ita kuwa 10/22 tana cikin waɗanda kayan gyaransu suka fi yawa a duniya, shi ya sa ƙarin kuɗinta yakan biya kansa.

Ya kamata kuma mutum ya san iyakarta. Harsashin .22 na ƙananan dabbobi ne da takardar saiti, idan aka harbi babbar dabba da shi rauni zai yi mata ta tafi ta wahala, kuma ba makamin tsaron gida ba ne. Duk da ƙanƙantarsa yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi, yana kuma tsalle idan ya daki dutse ko ruwa, don haka wuri mai duwatsu irin na gindin Kufena, ko bakin kogin Galma inda masu noman rani suke, ba wurin harbi ba ne. Ga manomin da harbinsa ɗai-ɗai ne a kan kurege, ni na fi ba shi shawarar ya duba .22 wadda ake jan sakatarta da hannu bayan kowane harbi. Tana cin kowane irin harsashin .22 LR ba tare da zaɓe ba, ƙura ba ta cika tsayar da ita ba, wankinta ya fi sauƙi, kuma a farashi ɗaya saitinta yakan fi. Mai ɗura kanta ta fi dacewa da wanda zai riƙa harbi da yawa a filin koyon saiti, wanda kuma zai zauna ya kwance ta ya wanke bayan kowane fita.